Jan Fenti a Rijiyar Malam Ɗantala

Ɗan Marke, ƙasar Sule Tankarkar
21 ga Rabi'ul Awwal, 1394

Da sunan Allah Mai rahama. Daga Asama'u 'yar Malam Ɗantala zuwa ga Manu ɗan Sajo, ma'aikaci a ofishin ruwa, Kano.

Ina gaishe ka, ina gaishe da iyalinka Talatu, Allah ya sauke ta lafiya. Mu nan da sauƙi. Ƙafata ta hagu tana taɓa ni in na daɗe a zaune, zafi kuma ya sauka sosai. Shanun da farin bara ya bar mana ba su cika goma ba. Alhamdu lillahi a kowane hali.

Bayan haka ina da magana, kuma zan yi ta a hankali don kada in faɗi abin da zan zo ina tuba a kansa.

A watan Cika-ciki ka aiko Ubale direba da kwalba. Ka ce in cika ta da ruwan rijiyar mahaifina, wan kakanka, za ku auna, in ya yi kyau hukuma za ta ɗaure rijiyar da siminti. Na cika, na toshe, na naɗe ta a sabon ƙyalle. Kafin Mauludi aka sauke mana siminti da ƙarafa. Mata suka yi ta shigowa yi mini barka, ana cewa ɗan Sajo bai manta gida ba.

Ran Talatar da ta wuce mota ta zo da mutum uku, babbansu ana ce masa Injiniya. Ya sa aka ja guga, ya zuba a ɗan kofin gilashi, ya ɗiga wani magani. Ina leƙe ta darni na ga ruwan ya yi fari kamar an tsiyaya masa tsala. Ya zubar ya sake, haka. Sai ya kurɓa ya tofar. A gaban jama'a, Manu, ya tofar da ruwan da mahaifina ya shekara talatin yana alwala da shi. Suka mayar da simintinsu mota. Ɗayansu ya ɗauko jan fenti ya yi rubutu a jikin itacen da ke gicciye a bakin rijiyar. Da suka tafi na je na kwafo, ban ƙara ba ban rage ba:

Cl⁻

Baƙi biyu ne na boko, da ɗan layi a sama kamar fataha ta kwanta. Ba mai iya karanta shi a garin nan, don haka kowa ya karanta abin da ya ga dama. Ana cewa alamar guba ce. Makiyayan da ke sauke garke a wurinmu in za su kasuwar Maigatari sun daina tsayawa, komi ya bushe har ya tsage. Zinariya matar Maigari ta hana jikokinta bin hanyar.

Kai ka nemi ruwan nan, ban kai maka talla ba. Da ka bar mu da rijiyarmu yadda take, da mutuncinta yana nan. Ka gaya mini abin da aka rubuta wa mahaifina, sannan ka sa a zo a goge.

Haza wassalam.

*

Kano, 22 ga Afrilu, 1974

Goggo Asama'u,

Na sami takardarki. Allah ya ƙara wa ƙafa sauƙi. Talatu tana amsawa, ta shiga wata na bakwai. Na rubuta da ajami don ki karanta da idonki, kada wani ya shiga tsakani.

Abin da aka rubuta ba guba ba ne, ba kuma zagi ba ne. Gishirin da kike sa wa miya abu biyu ne a haɗe, ɗaya sodiyam, ɗaya kulorin. Baƙaƙen nan biyu sunan kulorin ne a taƙaice. Sodiyam yana da wani ƙanƙanin abu guda ɗaya da muke kira ilektaron, kulorin ya karɓe shi ya riƙe. Da ya karɓa sai ya ɗauki caji ɗaya na ɗebewa, sunansa ya koma kuloraid, shi ne ɗan layin da kika gani a kafaɗarsa. In gishiri ya narke a ruwa, kowannensu yawo yake da nasa cajin. Maganin da Injiniya ya ɗiga kuloraid yake kamawa, in ya yi yawa ruwa ya yi fari. Ma'anar jan fentin ke nan: rijiyar nan gishirinta ya wuce ƙa'ida, kada a zuba mata siminti. Shanu su sha, ba abin da zai same su.

Yanzu ki saurari nawa. Kwalbar da kika aiko ni na auna ta da hannuna, sau uku. Na sami kuloraid kashi arba'in cikin miliyan, ruwa mai daɗi kamar na sama. Na rubuta, na sa hannu. Saboda takardata aka cire Ɗan Marke daga garuruwan da za a haƙa wa sabuwar rijiya bana, aka ce a gyara wadda ke akwai. Injiniya ya je ya auna a bakin rijiyar, ya sami dubu ɗaya da ɗari biyu. Tsakanin arba'in da dubu da ɗari biyu babu kuskuren hannu, Goggo.

Ya dawo ya bincika, ya ji mai rijiyar kakana ne. An kira ni gaban shugabanmu aka ce na yi ƙaryar awo don a ɗaure wa danginmu rijiya da kayan hukuma. An dakatar da ni. An karɓe makullin ɗakin gwaji a gaban waɗanda ni na koya wa riƙe kwalba. Kwamiti zai zauna ran Litinin 10 ga Yuni, in sun tabbatar kora ce, gidan da muke ciki kuma na ofis ne.

Kina maganar mutuncin rijiya, ni ana maganar abincin bakina. Ruwa ba ya tsami banza. Ko Ubale ya fasa kwalbar a hanya ya cika wata, na kuwa tambaye shi ya rantse, ko kuma wani a gidan nan ya so siminti fiye da gaskiya. Ki gaya mini wane ruwa ne a kwalbar.

Manu

*

Ɗan Marke
12 ga Rabi'us Sani, 1394

Zuwa ga Manu ɗan Sajo, bayan sallama.

Takardarka ta kwana tara a tashar Gumel kafin masu kai hatsi su kawo mini, motar Ubale ce ta lalace. Lafiya muke. Sabuwa 'yata ta zo daga Gagarawa ta kwana biyu ta koma, yaronta na goye ya yi ƙyanda amma ya tashi. Na ji abin da ya same ka a wurin aiki, ban ji daɗi ba, ina sa ka a addu'a.

Na karanta bayanin baƙaƙen sau biyu. Na gode da karatu. Abu ɗaya na lura: a bokonku wanda ya karɓi na wani shi ake yi wa alamar ɗebewa. Wanda ya tsara haka ya san wani abu. Na sa an gaya wa makiyaya gishiri ne kawai, suka ce in gishiri ne me ya sa aka rubuta da ja.

Amma layin da ka ce wani a gidan nan ya so siminti fiye da gaskiya, na ajiye takardar na yi alwala kafin in ci gaba. Gidan nan ni kaɗai ce babba a cikinsa tun rasuwar maigidana, rasuwar da ba ka zo ta'aziyyarta ba, ka aiko da goro da gaisuwa a bakin direba. To ni kake nufi. Manu, mata goma sha ɗaya ke zama a tsakar gidan nan ina biya musu allo. Na haura hamsin ban taɓa cin ko ƙwayar gero ta wani ba. Lokacin da Sajo ya kwanta ciwon ajali kana Zariya kana karatu, ni na yi wata biyu ina dama masa kunu. Ban faɗa don gori ba. Na faɗa ne don ka san wadda kake yi wa magana.

Ka tambayi wane ruwa ne a kwalbar. Da hannuna na cika ta, a gidana, kuma Allah shaida akwai ruwan rijiyar Malam a cikinta. Ban taɓa aika wa wani abin da zan ji kunyarsa ba, balle abin da ka ce manyanku za su duba.

Rijiyar kuma ba mu taɓa ce mata mai gishiri ba. Ruwanta yana da ɗan nauyi, haka Malam yake cewa, haka muka tashi muna cewa. Injiniyanku ya zo a tsakiyar bazara bayan fari, ruwa ya ja ƙasa. Ka gaya wa kwamitin haka. Kai ka san maganar da suke ji.

Fentin yana nan. Na sa an goga da toka da yashi, bai fita ba.

Wassalam.

*

Kano, 14 ga Mayu, 1974

Goggo,

Gaisuwa. Allah ya raya yaron Sabuwa. Talatu ƙafafunta sun kumbura, likita ya ce ta rage tunani. Ban san yadda za ta rage ba, tana ganina a gida da hantsi.

Maganar ta'aziyya na karɓi laifina. Amma ba ita na tambaya ba.

Bazara ba ta mayar da arba'in dubu, in na faɗa wa kwamiti haka dariya za su yi kafin su kore ni. Na zauna da takardarki kamar yadda kike zama da allon ɗaliba. Ke ba kya rantsuwa a banza, kuma ba kya zaɓen kalma a banza. Ba ki ce kin cika kwalbar a bakin rijiya ba, kin ce a gidanki. Ba ki ce ruwan rijiya ne ba, kin ce akwai shi a ciki.

Sai na tuna. Ina ɗan shekara tara Baffa, mahaifina, ya kawo ni Ɗan Marke sunan Sabuwa. Randa biyu ce a rumfarku. Ɗaya a buɗe kowa na sha, na kurɓa na yamutsa fuska, Baffa ya mintsine ni a cinya ya ce mini ruwan Malam ba a yi masa fuska. Ɗayar tana lungu an rufe ta da faifai mai ado. Na kai hannu, Inna mahaifiyarki ta buge shi ta ce wannan ta baƙi ce. Na ga jaki yana shigowa da tuluna da safe daga wata hanya, ba ta rijiya ba.

Goggo, na haɗa ki da Allah, daga wace randa kika cika kwalbata?

In abin da nake zato ne, ina son ki faɗe shi a gaban Maigari, a rubuta, ya sa hatimi, shaidu biyu su dangwala. Injiniya zai kasance a Gumel ran Talata 4 ga Yuni, a kai masa can, shi zai kawo wa kwamiti.

Saura kwana ashirin da bakwai. Ki daina aiko mini tarihin kunun da kika dama, na san shi, Allah ya saka. In aka kore ni a kan ƙaryar da ban yi ba kina da maganinta a bakinki kika yi shiru, to ki ɗauka Sajo bai bar ɗa ba. Abin da Talatu za ta haifa ba zai san hanyar Ɗan Marke ba.

Manu

*

Ɗan Marke
1 ga Jimada Awwal, 1394

Zuwa ga Manu.

Sallama. Muna lafiya. Hadari yana haɗuwa ta gabas yana watsewa. Ka ce wa Talatu ta riƙa ɗora ƙafafun a kan matashi, ta rage kanwa.

Ka haɗa ni da Allah, to ba ni da wurin ɓuya. Daga randar baƙi na cika. Ruwan Tsamiya ne, rijiyar da ke bayan fadama, tafiyar sa'a guda da jaki.

Ga yadda aka yi. Na je rijiyar Malam da kwalbarka na cika, na dawo na zauna ina kallonta. Ka rubuta cewa manyanku za su duba. Na ga a raina wani babban mutum a Kano ya tsiyaya ya kai baki, an ce masa wannan daga gidan Malam Ɗantala ne. Tun zamanin Inna ba a taɓa miƙa wa baƙo ruwan rijiyar nan ba, ko mai tallan allura ne. Sai na juye, na ɗauraye, na cika daga lungu. Na kuwa san ka ce na rijiya. Shi ya sa na ɗebi cokali ɗaya na rijiyar na ɗiga a kai, don in an tambaye ni kada bakina ya yi ƙarya. Na ɗauka tsabta za ku duba, ko tsutsa. Ban san kuna da maganin da ke ƙidaya gishiri ba. Siminti bai zo raina ba, a kan wannan zan iya dafa Alƙur'ani.

Kai ba ka san rijiyar nan ba. Rani uku Malam ya yi yana haƙa ta sadaka, gaba ashirin da biyu, shi da ƙannensa, kakanka a ciki. Ran da ruwa ya ɓullo ya ɗanɗana, ya zauna a bakin ramin har la'asar. Zartsi. Uban Maigarin nan na yanzu ya raɗa mata Rijiyar Miya, wai a ɗebo a kaɗa kuka ba sai an nemi gishiri ba. Malam ya ci gaba da jan gugarsa. Ya sha ta har ya koma ga Allah, mu ma muka sha, sunan ya mutu don ba wanda ya ga fuskarmu ta canja. Shekara arba'in muna rufe wannan.

Yanzu kana so in je zauren ɗan mutumin nan in buɗe da bakina. Ba wannan kaɗai ba. Sai daga takardarka na san kwalbata ce ta sa aka cire garin nan daga masu samun sabuwar rijiya. Matan da ke tafiya Tsamiya da tulu a ka, da ciki da goyo, su ne ɗalibaina. In suka ji, da wace fuska zan ce musu su gyara wasali?

Ga takardar nan da rubutun hannuna, ka nuna wa kwamitinku. Na amsa laifina a gabanka da gaban Allah. Zauren Maigari ne ba zan je ba.

Maganar cewa Sajo bai bar ɗa ba, ban ba ka amsarta ba. Yaro ne ya rubuta ta.

Wassalam.

*

Kano, 28 ga Mayu, 1974

Goggo,

Lafiya lau, in ana kiran wannan lafiya.

Na kai takardarki wurin magatakardan kwamiti. Ya juya ta ya ce ba hatimi ba shaida, kuma ai ni ma na iya ajami, wa ya san wanda ya rubuta. Ya miƙo mini ita da yatsa biyu.

Na lissafa cokalinki. Shi ne ya kai awon arba'in, da babu shi da ya tsaya wajen ashirin da biyar. Iyakar gaskiyar da kika aiko mini ke nan, cokali ɗaya, kuma na same ta daidai. Aikina ba shi da aibu.

Kin ji kunyar baƙon da ba ki taɓa gani ba, wanda ko kurɓa ba zai yi ba, don ba ma shan abin awo. Ni da nake jininki ba ki ji tawa ba. Malam ya rasu, ba abin da zauren Maigari zai rage masa. Ni ina da rai.

Injiniya yana Gumel ran Talata. Ba zan sake rubutowa ba.

Manu

*

Ɗan Marke
14 ga Jimada Awwal, 1394

Zuwa ga Manu ɗan Sajo, bayan sallama.

Ina fatan kuna lafiya. Ni ƙafar ta kumbura saboda mota, za ta saɓe.

Takardarka ta zo ran Alhamis. Ba zafinta ne ya tashe ni ba, kada ka ɗauka haka. Ran Juma'a da safe ina biya wa wata ɗaliba ƙarshen Baƙara, muka zo inda aka hana ɓoye shaida. Ta yi tuntuɓe na gyara mata, ta sake na sake gyarawa, a na uku bakina ya ƙi. Na sallame su.

Bayan an sauko daga masallaci na yafa mayafi na tafi zauren Maigari. Cike yake. Na durƙusa daga bakin ƙofa na faɗi duka: randa, da cokali, da zartsi, da sabuwar rijiyar da garin ya rasa ta dalilina. Maigari ya ce, "Malama, ai da kin aiko an zo gida an ji." Na ce a gaban mutane aka yi wa rijiyar fenti, a gaban mutane za a san dalili. Wani tsoho daga baya ya ce, "Ashe dai Rijiyar Miya ce." Aka yi dariya kaɗan. Maigari ya daka masa tsawa, wannan na yaba masa. Malaminsa ya rubuta da boko, aka karanta mini, na sa aka gyara wuri ɗaya da ya rubuta wai na manta ne. Ban manta ba. Liman da Sarkin Fawa suka dangwala, aka buga hatimi.

Kafin in kai gida labari ya riga ni. Zinariya tana tsaye a ƙofarta ta ce, "Sannu Malama. Ashe cokali ɗaya yana musuluntar da kwalba guda? A koya mana, mu ma muna da tuluna." Na ce mata ina wuni. Wata kuma ba ta yi ba'a ba, ita ce ta fi yi mini ciwo. Lauratu ce, cikinta wata takwas. Ta sauke tulunta ta ce, "Malama, da bana za a haƙa mana?" Na ce da bana. Ta ɗauki tulun ta wuce.

Ran Talata na bi motar hatsi zuwa Gumel da kwalba biyu, ta randa da ta rijiya, don kada a ce baki ne kawai. Injiniya ya karanta takardar. Ya ɗiga maganinsa a ta farko, ta ɗan yi hazo kaɗan. Ya ɗiga a ta biyu, ta yi fari. Ya tambaye ni sau biyu ko kai ka ce in yi haka, na ce da ka sani da ka hana. Ya ce, "Baba, kin san abin da kika jawo?" Na ce na sani, an gaya mini da ajami an gaya mini da boko. Ya sa takardar a jakarsa ya ce ran Litinin za ta kasance a gaban kwamiti.

Na sauke abin da ke wuyana. Sauran yana hannun Allah da manyanku.

Wassalam.

*

Kano, 13 ga Yuni, 1974

Goggo Asama'u,

Ina gaishe ki da gajiyar hanya, ya ƙafa? Talatu tana gaishe ki, ta yi kuka da na karanta mata takardarki.

Kwamiti ya zauna. Injiniya ya karanta shaidarki ya faɗi abin da ya gani a Gumel. An wanke ni daga ƙaryar awo, an mayar mini da makulli. An ba ni takardar gargaɗi saboda na karɓi ruwan da ban ɗebo da hannuna ba, kuma wannan daidai ne, laifina ne. Gidan yana nan a hannunmu.

Na roƙa a mayar da Ɗan Marke cikin na baɗi. Sun ce za a duba, ban yi miki alkawari ba.

Na rubuta miki maganganun da bai kamata ɗa ya rubuta wa uwa ba. Tsoro ne. Ki yafe mini. In Talatu ta sauka lafiya ina so in zo da kaina in durƙusa, in mace ce kuma ina neman izinin sa mata sunanki.

Ɗanki,
Manu

*

Ɗan Marke
3 ga Jimada Sani, 1394

Zuwa ga Manu ɗan Sajo.

Sallama. An yi ruwan shuka ran Lahadi, mun shuka gero. Ƙafa ta saɓe. Na yi wa Allah godiya da aka mayar da kai aikinka, hakkinka ne, da ma ni na tsare shi. Ni ma ka yafe mini wata biyun da ka yi a gida.

Cikin mata goma sha ɗaya, huɗu ke zuwa karatu yanzu. Lauratu ta haihu a hanyar Tsamiya, a gindin wata aduwa, matan da suke tare suka kare ta da zannuwa. Ita da ɗan suna raye. Na je barka, uwar mijinta ta amsa mini daga bakin ƙofa.

Ka ce in yafe maka. Na zauna da maganar kwana uku. Zan iya rubuta maka na yafe, takarda ba za ta ƙi ɗauka ba, amma na riga na ga inda irin wannan ke kai mutum. Na duba zuciyata, maganar siminti ta fita, ta kunu ma ta fita. Wadda ka ce Sajo bai bar ɗa ba tana nan. Ina roƙon Allah ya cire mini ita, bai cire ba tukuna.

Sunan kuma ka dakata. Sunana ba shi da daɗin ji a garin nan bana, kada a ɗora wa jaririya. Ka sa mata na mahaifiyar Talatu.

Kada ka zo yanzu. In ta fita zan aiko maka, ba zan ƙara kwana ɗaya a kai ba.

Haza wassalam.
Asama'u 'yar Malam Ɗantala